Wakilin Iyaye da Ɗan Farin Mai Ruwa

A shekarun da ake aikin faɗaɗa Harami, lokacin da ƙarar fasa dutse take wuni a kunnuwanmu, sana'ata ita ce rubuta wa mutane wasiƙa a wani lungu na unguwar Misfala a Makka. Ina da tabarma, da tawada, da ɗan akwatin katako da nake ɗora takarda a kai. Mutumin da ya zo aikin Hajji ya zauna bai koma ba, in begen gida ya taso masa, sai ya zo ya tsuguna gabana ya faɗi abin da ke ransa, in rubuta masa da ajami, a ba alhazan da za su koma su kai. Ta wannan hanya Allah ya sa na san cikin gidaje da yawa waɗanda ban taɓa taka ƙofarsu ba.

A bakin unguwar, inda hanya ta fara faɗi, akwai makarantar gwamnati ta yara maza, aji ɗaya zuwa shida. Tsohon gida ne mai hawa biyu, tsakar gidansa fili ne fetal, ba rumfa ba itace. Yaran da iyayensu ke da iƙama, wato takardar zama, su kaɗai ake ɗauka. Sauran suna makarantun allo na cikin lungu. Ɗana na biyu yana aji biyu a wannan shekara. Shugaban makarantar, wanda muke kira mudir, Balarabe ne ɗan garin, siriri mai tabarau, mai haƙuri da mu fiye da yadda muka saba gani a ofisoshi.

Wata rana, saura 'yan kwanaki a rufe makaranta don hutun Hajji, mudir ya aiko wa limamin ƙaramin masallacinmu cewa zai kafa majalisar iyaye, yana son mutum ɗaya daga cikin Hausawa ya zauna a ciki. Ya ce mu zaɓa da kanmu, kada mu turo masa mutum goma kowa da bakinsa. Ba mu taɓa yin irin wannan ba. Waɗanda ba su daɗe da zuwa daga gida ba suka yi ta ba mu labarin yadda aka jefa ƙuri'a a akwati kafin Turawa su tafi. Sai dattawa suka ce to, mu ma haka za mu yi, amma da ƙwallon dabino da kwanuka. Duk mai so ya tsaya ranar Juma'a bayan La'asar ya faɗi abin da zai nema wa makarantar. Ni aka ɗora wa rubutawa, don kada wani ya zo daga baya ya ce bai faɗa ba.

Mutum biyun da suka fara fitowa ba su ba kowa mamaki ba. Na farko mai kantin yadi ne a hanyar Harami, haifaffen Makka. Ubansa ne ya zo daga ƙasar Katsina da ƙafa, ya rasu ya bar shi yana ƙarami. Larabci ya fi sauƙi a bakinsa, Hausarsa kuwa sai ya riƙa tsinto ta ɗaya-ɗaya. Mutum ne mai saurin magana da saurin kyauta. Na biyu Alaramma ne, tsoho mai makarantar allo a bayan masallaci. Jikokinsa uku suna makarantar gwamnatin, bai kuma taɓa daina gunaguni a kan haka ba.

Na ukun shi ne abin mamakin. Wani Basakkwace ne ɗan ga-ruwa, dogo, kafaɗarsa ta dama ta yi kanta saboda sanda. Kullum daga idar da Asuba yana bazan, inda ake ɗiban ruwa, ya cika garwa biyu ya rataya a sanda ya yi ta hawa matakalar gidajen mutane. Na fi shekara goma da saninsa, ban taɓa jin ya yi magana a taro ba. Da liman ya ambace shi cikin masu so, wani daga baya ya ce, "To shi kuma wa zai yi masa tafinta, garwa?" Aka yi dariya. Shi bai ɗaga kai ba.

A kwanakin nan tabarmata ta zama majalisa. Mai zuwa rubuta wasiƙa sai ya manta da wasiƙar ya tambaye ni wa nake gani. Wasu suka ce mai kanti, don shi ne ba zai yi rawar murya gaban Balarabe ba. Wasu suka ce ai yaro ne, ya bar wa Alaramma. Ɗan ga-ruwa kuwa ba wanda ya kawo shi cikin lissafi, sai dai a tambaya me ya shiga kansa.

Amsar ta zo mini ta ƙofar mata. Ranar Laraba da hantsi matarsa ta shigo wurin matata kamar mai neman aron turmi, suka daɗe a ɗaki, ta fita ba turmi. Da na dawo cin abincin rana matata ta zauna ta warware mini.

Suna da ɗa a aji shida, ɗan farinsu, yaron da malamansa ke yabo. A ƙarshen shekara zai zauna jarrabawar shahada, wadda in babu ita ba a wucewa makarantar gaba. Ana cika takardun jarrabawar a lokacin, za a kai su ofishin ilimi kafin hutun Hajji. An mayar wa yaron da tasa, an ce ya kawo uban da ke rubuce a daftarin rajistar makaranta ya sa hannu. Uban da ke rubuce a daftari kuwa ya shekara uku a kabari.

Ga yadda abin ya faru. A wurinmu uba yana kunyar ɗansa na fari. Ba ya faɗin sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya jerawa da shi a hanya. In an tambaye shi sai ya ce "yaron can" ya kau da kai. Uwar ma haka. Kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, sau da yawa ma wanda ake kunyar shi ya fi zama a zuciya. Ni kaina 'yata ta fari tana can gida wurin yayata, in na rubuta wasiƙa sai in ce a gaishe da yarinyar nan. To ranar da za a sa yaron makaranta, shekara shida baya, Basakkwacen bai iya kama hannunsa ya ratsa unguwa da shi ba. Ya roƙi maƙwabcinsa, wani dattijo mai gyaran takalma, ya kai shi. Akawun makaranta ya ga babba da yaro, ya karɓi iƙamar dattijon, ya rubuta shi a matsayin uba. Dattijon bai ga laifi ba, ai ɗan maƙwabci ɗa ne. Haka sunan ya zauna ba wanda ya duba.

Na ce wa matata, "To me ya hana shi ya je ya ce nasa ne?"

Ta dube ni ta ce, "Kai za ka iya?"

Na ci gaba da cin abincina.

Washegari da sassafe na same shi a bazan, yana cikin layi. Da ya gan ni ya ce, "Malam, da kanka? Ina garwarka?"

"Wurinka na zo."

Muka koma gefe. Na ce masa na ji labarin takardar. Ya sunkuya yana gyara igiyar garwa wadda ba ta kwance ba.

"Mata dai," ya ce.

"Don wannan ka tsaya?"

"Ni ruwa nika magana, Malam. Yara na shan ƙishi cikin makarantag ga. Na ga wanda anka ɗauko a sume."

"Na yarda. Amma don wannan ka tsaya?"

Ya saki igiyar. Sannan ya faɗa mini dabararsa a hankali, yana kallon ƙasa. In aka zaɓe shi, zai zauna gaban mudir a matsayin wakilin unguwa. Wakili yana iya cewa akwai wani yaro na unguwarmu da aka yi kuskure a takardarsa, a gyara. Ba wanda zai ce maganar ɗansa ya kawo. Tun da aka mayar da takardar yake juya abin a ransa, wannan ce kaɗai ƙofar da ya ga zai iya shiga da fuskarsa a buɗe.

Na ce, "In mudir ya tambaya wane ne uban fa?"

"Ai kana nan. Kai ka faɗa."

Ya ƙara da cewa Lahadi zai bi motar ruwa zuwa Arfa, inda ake ɗaukar irinsu aikin cika tankuna kafin alhazai su iso, ba zai dawo ba sai bayan an rufe makaranta. In ba a gyara kafin nan ba, takardun sauran yara za su tafi a bar ta yaron. Ya saɓa sandarsa, garwa ta gaba ta yi tangal-tangal ta tsaya.

"In bai yiwu ba," ya ce, "akwai sanda ta biyu a ɗaki, yaron can ya ɗauka."

Ranar Juma'a bayan La'asar aka shimfiɗa tabarmi a inuwar bangon masallaci. Mutane sun fi yadda na zata, har da waɗanda 'ya'yansu ba sa makarantar. Aka zagaya da shayi. Na zauna kusa da liman da akwatina.

Mai kanti ya fara. Ya miƙe yana gyara mayafin kansa, ya ce abu na farko rumfa a tsakar makaranta da fanka a kowane aji, don yaro ba ya gane lissafi gumi na ɗiga a littafinsa. Na biyu, a samo malamin da zai zauna da yaranmu 'yan aji ɗaya bayan an tashi ya koya musu Larabci, don suna shiga aji ba sa jin abin da ake faɗa, malami ya ɗauka daƙiƙai ne. "Ni an yi mini, ya jama'a," ya ce. "Wallahi shekara guda ina zaune a aji kamar kujera."

Wani ya ce, "Rumfar da yadin kantinka za a yi ta?"

"In kai za ka ɗinka, ahlan wa sahlan."

Wani mai share hanya, wanda ba shi da iƙama, ya ɗaga hannu daga can ƙarshen tabarma. Ya ce, "Namu fa da ba a ɗauka?" Mai kanti ya juya ya dube shi. Ya ce wannan ya fi ƙarfin mudir, ba zai yi alkawarin abin da ba zai iya ba, amma zai tambaya ko malamin Larabcin zai yarda su zauna a baya su saurara. Na rubuta wannan ma. Na ji ya ƙara girma a idona da bai yi ƙarya ba.

Alaramma bai miƙe ba, daga zaune ya yi tasa, carbi a hannu. Ya ce shi bai ƙi fanka ba, amma yara na fitowa Azahar wurin alwala guda ɗaya tak, suna ture juna, su shafa-shafa su yi salla. A faɗaɗa wurin. Kuma a roƙi mudir ya riƙa sakin yara da wuri ranar Alhamis su zo su yi tilawa, don allunansu sun bushe. "Jikana ya san sunan kogunan duniya," ya ce, "amma in ya kai tsakiyar izu sai ya tsaya yana kallona kamar ni na ɓoye masa sauran." Dattawa suka ce gaskiya ne, Allah ya gafarta Malam.

Sai Basakkwacen. Ya miƙe kamar an ɗora masa garwa huɗu. Ya ce, "Ni ruwa." Ya tsaya a nan.

Liman ya ce, "Ƙara mana bayani."

Ya ce randa ɗaya ce a makarantar, kafin hantsi ta ƙare, manya su shanye, ƙanana su lashi moɗa. A sa randa huɗu a inda rana ba ta kaiwa, a naɗe su da jiƙaƙƙen buhu, shi zai riƙa cikawa. "Yaro in shina jin ƙishi, ba ya jin malami." Ya zauna. Layi biyu kawai na rubuta.

Daga nan ne mai kanti ya yi abin da ya yi, ina kuma shaida har gobe ba da mugunta ba ne. Ya ce, "Ya ammi, baffana, maganarka mai kyau ce. Amma mudir ya ce wakili sai mai ɗa ko jika a makarantar. Na je jiya ya nuna mini daftari, na karanta sunan iyaye kaf, naka babu. Kana da ɗa a makarantar?"

Ba wanda ya motsa. Duk wanda ke kan tabarmin nan, ban da mai kanti da 'yan haifaffun gari irinsa, ya san yaron, ya san na wane ne. Basakkwacen ya kafa ido a kan babban yatsan ƙafarsa.

"Tambaya ce kawai," in ji mai kanti, yana duban fuskoki. "Akwai ko babu? In akwai, yaya sunansa?"

"Kai, rufe mana baki!" Alaramma ya daka masa tsawa. "Wa ya yi maka tarbiyya? A tsakiyar mutane za ka tambayi mutum ɗan farinsa?"

"Me na yi? Ni da sunan ɗan farina ake kirana! Duk kasuwa Abu wane suke ce mini, daɗi ma nake ji."

"Shi ya sa," in ji Alaramma.

Na ga in aka bari haka za a tashi da ɓacin rai, takardar yaro kuma tana nan yadda take. Na nemi izinin liman, na ajiye alƙalami, na ba da labarin dattijo mai gyaran takalma da daftari. Ban kama sunan kowa ba, na ce wani yaro ne da wani uba. Kafin in gama sai wani mai wankin kaya ya ce a hankali, "Ni ma ƙanena ne ya kai nawa." Wani ya ce nasa surukinsa ne ya kai. Ashe ba gida ɗaya ba ne. Basakkwacen kuwa tun ina tsakiyar magana ya tashi, ya ɗauki takalmansa a hannu ya bi lungu. Na rasa gane ko taimakonsa na yi ko tona shi, abin ya tsaya mini a rai.

Aka rataya zane a kusurwa, aka ajiye kwanuka uku a bayansa, kowa ya shiga ya jefa ƙwallon dabinonsa. Na mai kanti ya fi cika. Ni ma shi na jefa wa, in faɗi gaskiya, don na san bakin da mudir zai saurara. A kwanon Basakkwacen 'yan kaɗan ne, sai daga baya Alaramma ya gaya mini ɗaya nasa ne.

Mai kanti bai yi murna ba. Da mutane suka fara watsewa ya zo ya tsuguna gaban akwatina. Ya ce, "Ya Malam, ni ne na fari a gidanmu. Ban taɓa jin ubana ya kira sunana ba, sai dai 'kai'. Ƙannena yana ɗaukarsu a kafaɗa. Har yau na ɗauka ba ya sona ne."

Na ce, "Allah ya jiƙansa. Ai kai ne a gaba a wurinsa."

Ya goge fuska da gefen mayafinsa. Sannan ya buga yatsa a kan takardata. "Rubuta a sama, kafin rumfa, kafin fanka. Gyaran daftari. Gobe da safe. Ka kawo mini Basakkwacen ko a ɗaure."

Asabar da hantsi na tare shi a gindin wata matakala, ya sauko da garwa babu ruwa. Na zata ba zai dube ni ba. Ya ce kawai, "Ka faɗa gaban kowa."

"Na faɗa. Ka yafe mini."

Ya tsaya yana nazarin sandarsa. Sannan ya shiga gida, ya fito da farar rigarsa ta Juma'a, iƙamarsa a naɗe cikin ƙyalle. Muka tafi, yana gaba ina baya, har ƙofar makaranta, inda mai kanti yake jiranmu.

Ofishin mudir ƙaramin ɗaki ne a hawa na sama, da taga mai katako da ke kallon tsakar gida. Mai kanti ya yi bayani da Larabci, hannuwansa na tashi suna sauka. Mudir ya cire tabarau, ya mayar, ya sa aka maimaita masa wurin kunyar sau biyu. Ya ce, "Subhanallah. Amma yana son yaron?" Mai kanti ya ce, "Don shi ya tsaya gaban mutane jiya, mutumin da ba ya magana." Mudir ya sa aka kawo daftari, aka kira yaron daga aji. Ya shigo ya tsaya bakin ƙofa, dogo kamar ubansa, da farin alli a yatsunsa. Da ya ga wanda ke zaune sai shi ma ya sunkuyar da kai.

Mudir ya ce abin mai gyaruwa ne. Zai rubuta takarda, shaidu biyu su sa hannu, amma sai uban ya faɗa da bakinsa cewa wannan ɗansa ne, sunansa kaza. Na ce a gaya masa ni zan faɗa a madadinsa, ko in rubuta ya dangwala yatsa. Mudir ya girgiza kai. Ya ce, ta bakin mai kanti, wani ne ya tsaya a madadinsa tun farko, shi ya kawo mu nan, ba zai sake karɓar bakin wani ba. Bai faɗa da zafi ba. Ya ajiye alƙalami ya jira.

Basakkwacen ya matso kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "A fitar da shi." Mai kanti ya roƙa. Mudir ya ce shaidu sai sun ga wanda ake nufi.

Muna cikin haka aka kaɗa ƙararrawa a tsakar gida. Yara suka fito da gudu, muna jin su suna rige-rige zuwa randar nan guda, can kuma sai ƙarar moɗa tana kankarar gindinta. Na ga ya karkata kai yana saurare. Ya miƙe, ya je ya fuskanci taga, ya ba mu baya dukanmu. Ya ɗaga hannu ya nuna bakin ƙofa ba tare da ya waiwaya ba.

"Wanga yaro ɗana ne," ya ce. Sannan ya faɗi sunan.

Muryar ta fito a dushe. Yaron, wanda tun haihuwarsa bai taɓa jin wannan suna daga wannan baki ba, bai tsaya tunanin shaida ake yi ba. Ya ɗauka kiransa aka yi. Ya ce, "Na'am, Baba."

Mudir ya sunkuya kan daftari ya daɗe yana rubutu, fiye da yadda kalmomin ke buƙata. Mai kanti ya sa hannu yana jan hanci. Ni ma na sa nawa da ajami, mudir ya duba ya ce ya karɓa. Uban ya dangwala yatsa, ya fita bai dubi kowa ba. Muka ji saukarsa a matakala da sauri, shi da na san yana saukowa a hankali don kada ruwa ya zuba.

Lahadi ya bi motar Arfa. Takardar ta tafi cikin 'yan uwanta. Kafin a rufe makaranta mai kanti ya kai sauran iyayen gaban mudir ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sha irin tasa wahalar. Mai wankin kaya sai da ya lulluɓe fuska da rigarsa. Daga nan mudir ya umarci akawu, duk Bahaushen da ya kawo yaro a tambaye shi, kai ne uban ko aiko ka aka yi. Rumfa ta samu bayan Hajji, fanka a azuzuwa biyu kawai, aka faɗaɗa wurin alwala. Malamin Larabci ya yi 'yan watanni aka canja masa gari. Maganar Alhamis kuwa mudir ya ƙi, Alaramma ya ci gaba da gunaguni har Allah ya karɓi abinsa.

Yaron ya zauna jarrabawa da sunan ubansa, ya ci, ya wuce makarantar gaba. Sanda ta biyu matata ta gan ta a gidansu, an ɗaura ta tsakanin bango biyu ana shanya a kai. Uban bai sake faɗin sunan ba, iyakar sanina. Mai kanti in ya hango shi daga kanti sai ya ɗaga murya ya kira shi da Abu wane, shi kuwa ya wuce kamar da bango ake yi, sai dai garwarsa takan ɗan zubar da ruwa a daidai wurin.

Randuna huɗu kuwa, ko da ba a zaɓe shi ba, shi ya kawo su da ya dawo daga Arfa, ya jera su a ƙarƙashin matakala. Kullum kafin ƙararrawar safe ya cika su, ya jiƙa buhunan, ya fita ta ƙofar baya kafin yara su shigo. Ɗana ya sha daga cikinsu har ya gama aji shida. Haka ya yi ta yi shekaru bayan nasa ya bar makarantar, har ranar da aka jawo musu famfo.